Anzar Bayan Giwa

Ranar wata Laraba ce cikin watan takwas na manoma, shekarar da babana ya maƙale a Abijan bai dawo shuka ba. An idar da sallar asuba ke nan, gari bai gama wayewa ba, na fito da buta na tarar da Inna tsaye bisa wani faffaɗan dutse da ke bayan rumbunmu, ƙanwata Habsu a ƙirjinta tana tsotso, ita kuwa idonta na can wajen duwatsun da suka kewaye ƙauyenmu. Haka take yi duk ranar da za a fita ɗibar anza. Sai ta dubi gabas ta daɗe, ta sunkuya ta dubi bakin jinjirar, kana ta faɗi sunan dutsen da za a hau. Ni a lokacin ban wuce shekara goma ba, an ba mu hutun lakwal, wato makarantar boko, na tsaya riƙe da butar nan ina addu'a a zuci Allah Ya sa ta ce Bayan Giwa. Ban roƙi Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya ba. Abin da raina ke so kawai na roƙa, kuma wannan hali bai gama barina ba har yau da furfura ta fara fito mini.

Ƙauyenmu yana arewa da Tawa, wajen Affala, a gindin tudu, inda tsakuwa ta fi yashi yawa. Daminar bara ba ta yi kirki ba, hatsin da muka samu da ƙyar ya kai mu shuka. Kaka, mahaifiyar babana, takan sa a zura ni cikin rumbu ta ƙofar sama in tattaro mata sauran zangarniya, ina jin muryata tana amsawa a ciki kamar a rijiya. Hura ta koma ruwa-ruwa, tuwon dare kuwa yau a yi gobe a tsallake. A irin wannan lokaci ne mutanen ƙasarmu ta Adar ke tunawa da anza. Ɗan gajeren itace ne mai ganye kore ko da rani, yana fitowa a kan duwatsu inda babu abin da ke yarda ya fito. Ana tsinko 'ya'yansa a ɓare, a fidda ƙwayar, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, don ɗacinta ya fi na maɗaci. In ta yi, a dafa ta kamar wake, a sa gishiri da ɗan mai in akwai. Kaka takan ce, "Anza ba daɗi take ba ka ba, ranka take riƙe maka har hatsi ya nuna."

Duwatsu uku muke zuwa, kowanne da halinsa kamar mutane. Na kusa shi ne Tudun Maƙera. A je a dawo kafin hantsi ya yi zafi, ba wani hawa mai wuya, amma da yake kowa can yake zuwa, a watan nan an tsince shi tas, har 'ya'yan da ba su ƙosa ba. Na biyu Dutsen Zabi, ba shi da nisa sosai, sai dai a miƙe yake kamar bango, tsakuwarsa na gudu ƙarƙashin ƙafa, kuma saukarsa ta fi hawansa wuya ga mai kaya a ka. Wata mata ta taɓa gangarowa daga can ta karye a ƙugu, tun daga nan mata suka rage zuwa. Na uku shi ne Bayan Giwa, dogo shimfiɗaɗɗe can gabas maso arewa, wanda daga nesa yake kama da giwa ta durƙusa. Hanyarsa a hankali take hawa, amma doguwa ce, kuma sai an ƙetare gebe, wani faffaɗan busasshen rafi mai farin yashi wanda ba ya ganin ruwa sai an yi ruwan sama a duwatsun gabas. Wanda ya tafi can da sassafe, in bai yi wasa ba, zai dawo daidai azahar.

Inna tun jiya da yamma take fara zaɓen dutse, a bakin rijiya, tana leƙa ƙoran matan da suka dawo, tana duban ƙafafunsu, tana tambayar wa ya je ina, me ya samo. Da safe ta duba takalminta na taya ko igiyarsa za ta kai, ta duba ruwan randa, ta dube ni ko na kwana da ciwon ciki. Amma babban ma'auninta Habsu ce. Kaka ta hana a hau dutse da jinjirin da bai yi haƙori ba, ta ce iskar can ba ta yaro ba ce, ga rana, ga kaya a ka da wani a baya. Kuma Habsu ba ta daɗe da tashi daga zawo ba, wanda ya mai da ita kamar ɗan tsako. Ta ƙi kunu, ta ƙi madarar akuya, in an ɗura mata sai ta dawo da shi, nono kaɗai cikinta ke riƙewa. In ta ƙoshi da asuba, takan kai azahar in an matsa, ba ta wuce nan. Ba mu da agogo a gidan, ba ma bukatarsa. Duk inda muke a kan dutse, in nono ya kawo har ya jiƙa wa Inna riga, sai ta ɗaure bakin buhu ta ce, "Ta tashi. Mu tahi." Ko buhun rabi ne, ko an tarar da itacen da ya fi kowanne 'ya'ya.

Da a wata shekara ce, da wannan bai zama abin damuwa ba, don darnin kara ɗaya ne tsakaninmu da gidan Zali, maƙwabciyarmu, wadda ita ma take goyon ɗanta Asumana, tsaran Habsu. Amma Inna da Zali ba sa ga maciji tun daminar bara. Gonakinmu a gangare ɗaya suke, tamu a sama tasu a ƙasa. Inna ta kwashe rani guda tana jido duwatsu a ka tana jera su a gindin gonarmu don su tare ruwa da taki. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, ya bi jerin duwatsun ya taru a kusurwa ɗaya, ya ɓalle ya faɗa cikin 'yar gayaunar Zali, ya tafi da kuɓewarta da yakuwarta. Zali ta ce da gangan ne, Inna ta ce ruwa ba ɗanta ba ne balle ta aike shi. Magana ta yi tsawo har aka taɓo iyaye. Tun daga nan ko a rijiya suka haɗu, kowacce sai ta sami abin kallo a cikin gugarta. Aka hana ni shiga gidansu, ni da nake cin tuwo can kamar a gidanmu. In kazarmu ta tsallaka, ba mai zuwa biɗa, sai dai a jira ta dawo don kanta.

Ni kuwa abin da ke kaina daban ne. A filin lakwal, in mushe, wato malaminmu, ya sake mu hutun hantsi muna langa ko muna ƙera motoci da karan dawa, manyan yara sukan ce daga ƙwanƙolin Bayan Giwa ana hango Tawa, har da shato, babban tankin ruwan nan, da manyan motocin da ke shigowa daga kudu. Ban taɓa zuwa Tawa ba. Na sa a raina in na hau can zan ga motar da za ta kawo babana, har ma in gane shi bisa kaya da hularsa. Don haka da wani makiyayi ya ce mini ya ga anza a can, na kawo wa Inna labarin da gishirina a kai, na ce rassa har ƙasa suke taɓawa. Na yi ta naci, ina shara ina faɗi, ina ba akuya dusa ina faɗi. Inna ba ta kiran sunana, da yake ni ne ɗan fari. Ta ce, "Yaron ga, bakinka bai gajiya?" Kaka kuwa, da take kirana maigidanta, ta ce, "Bar shi, mijin nawa Tawa yake son gani, ya ga ko akwai wadda ta fi ni can."

A safiyar nan Inna ta daɗe bisa dutsen fiye da kullum. Akwai wani ɗan duhu can ƙasan gabas, siriri kamar an ja layi da gawayi, kuma na ga ta gan shi. Ta sauko ta leƙa tukunyar da anzarmu ta ƙarshe ke jiƙe, ta sa hannu ta motsa, ba ta fi cin yini biyu ba. Ta sake duban gabas, ta ce hadarin na mutanen nesa ne, ba zai iso mana ba. Kana ta ce, "Bayan Giwa." Na yi tsalle har na zubar da ruwan butar.

Muka fita rana ba ta fito ba, ita da buhu biyu da gammo, ni da ƙwarya da gorar ruwa, danƙon harbin tsuntsu rataye a wuyana. Muka ratsa gonaki, hatsi bai wuce gwiwa ba, raɓa na jiƙa mana ƙafa, Inna ta zagaye ta bayan gonar su Zali don kada su haɗu. Gebe muka same shi a bushe ƙamas, yashinsa fari da sanyi, da sawun awaki da na raƙuma, na yi ta birgima a ciki har ta daka mini tsawa. A hayin can, gindin wani kalgo, ta zuba rabin ruwanmu a 'yar buta ta binne cikin yashi ta ɗora dutse. Al'adarta ke nan, ba a hawa da ruwa duka, don mai saukowa ya fi mai hawa ƙishi. Daga nan hanya ta fara tashi a hankali cikin geza da sabara, jar tsakuwa na ƙara ƙarƙashin takalmi, ƙadangaru na ɗaga mana kai.

Hantsi ya ɗaga muka kai sama. Makiyayin nan bai yi ƙarya ba, ni ma ashe gishirina bai yi yawa sosai ba. Anza ce ko'ina, ba wanda ya taɓa, wasu 'ya'yan sun yi rawaya, na dinga tsotsar zaƙinsu ina jefa ƙwayar a buhu. Inna ta yi bisimilla ta fara da hannu biyu. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta ranar ba tun tafiyar babana, har 'yar waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa da na ɗan taɓa aikin sai na sulale na tafi bakin dutsen ta kudu. Ƙasa ta buɗe a gabana, gonaki kore-kore, ƙauyuka kamar an watsa tsaba, garinmu ɗan mitsitsi. Tawa fa? Wani farin abu na gani can ƙarshen ido yana rawa cikin zafin rana, mai yiwuwa shato ne, mai yiwuwa kuma wani tudun ne. Mota ko ɗaya ban gani ba. Na tsaya ina ta zura ido har hawaye suka zo, na ce wa kaina rana ce.

Da na dawo na tarar gaban rigar Inna ya jiƙe. Na san ma'anar wannan, na tsaya jiran ta ce mu tafi. Ba ta ce ba. Buhu ɗaya ya cika, na biyu ya wuce rabi, ga wasu itatuwa a gabanta sun yi nauyi. Ta dubi rigar, ta dubi itatuwan, ta ce, "Wanga ɗaya." Da ta gama shi ta ce wancan ma. Sau ɗaya ke nan a rayuwata da na ga Inna ta karya dokarta, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, don tukunyar nan ta gida take gani. Lokacin da ta ɗaure buhu, duhun gabas ya tashi ya zama bango, ana walƙiya a cikinsa ba a jin tsawa. A kanmu kuwa rana ke duka, ko ɗigo bai sauka ba.

Muka gangaro da sauri, cikakken buhun a kanta, ɗayan ta goya shi da zane a inda Habsu ke zama. Tun kafin mu kai kalgon nan na fara jin wata ƙara kamar manyan motoci da yawa sun taho tare, har na ce ko motocin Tawa ne. Inna ta tsaya cak ta yi salati. Gebe ne. Yashin da na yi birgima a ciki da safe babu shi, sai jan ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe ɗauke da kara da kumfa da rassan itace. Ruwan da aka yi a duwatsun gabas ne ya iso, mu ba a yi mana ko yayyafi ba. Har butar da muka binne ya tafi da ita. Da mun taso lokacin da rigar ta jiƙe, da a bushe za mu ƙetare.

Inna ta sauke kaya, ta tattare zanenta ta ɗaure tam, ta ce in zauna kan buhu kada in motsa. Ta shiga. Ruwan ya kai mata gwiwa, ya kai cinya, na ga tana tangaɗi. Daidai nan wani kututturen gawo ya wuce ta gabanta yana juyawa, saiwoyinsa sama. Ta tsaya tana kallonsa har ya ɓace, kana ta juyo a hankali ta fito, ta zauna kan tsakuwa ruwa na zuba daga zanenta. Ta ce, ba da ni take ba, "In na tahi, wa za ya ba ta gobe?" Azahar ta wuce muna nan. Ta yi alwala da jan ruwan nan ta yi salla, ni ma na bi. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri har ba ta iya sauke hannu, ta juya mini baya ta dinga tatsar nonon tana zubarwa a kan dutse, fari yana bin tsaga yana gangarawa, tururuwa na taruwa. Wannan ne abin da ban manta ba, ga abincin Habsu yana zuba a ƙasa, ga Habsu can hayi tana jira. Na ce mata ni na ja, ni na yi naci. Ta ce, "Rufe mini baki. Kai ka ga hadarin ko ni?" Ta kafa wani kara a bakin ruwa, muka zauna muna kallonsa kamar zai yi mana magana. Can bayan la'asar ruwan ya ja da baya ya bar karan tsaye cikin laka. Ba ta yarda ba sai da duwatsun tsakiya suka fiddo kawunansu. Sannan ta rataye buhu ɗaya a reshe, ta ɗora ɗayan, ta riƙe hannuna kamar za ta karya shi, muka ratsa ruwa na dukana har ƙirji.

Rana na gab da faɗuwa muka shigo gari, Inna na gudu-gudu ni ina binta. Tun daga bakin masallaci take kasa kunne, don Habsu in tana kuka har rijiya ake jin ta. Ba mu ji komai ba. Gidanmu shiru, Kaka na zaune a ƙofar ɗaki da tasbaha, tabarmar jinjirar a gefenta ba kowa a kai. Buhun ya faɗi daga kan Inna. Ta dubi Kaka. Kaka ta ce, "Kwantar da ranki, ɗiyata, tana nan da ranta," kana ta nuna darnin da haɓa.

Inna ta tsaya a ƙofar gidan da ta shekara ba ta taka ba. Kana ta yi sallama. Zali na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, Asumana a nono ɗaya, Habsu a ɗayan ta yi barci da shi a baki, cikinta ya cika dam. Zali ta amsa sallamar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗiyar ga halinki ta ɗauko, ko tsotso da faɗa take yin shi. Ta cije ni, ba ta ko da haƙori." Inna ta durƙusa a bakin tabarmar, ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya ƙwace mata. Zali ta ce, "Ke, kar ki tashe mini su. Ni ba don ke na yi ba, kunnena ya gaji." Daga baya Kaka ta ba mu labari. Tun azahar Habsu ke tsala kuka, aka ba ta ruwa ta amayar, har muryarta ta dushe ta koma kamar ta ɗan kyanwa, idonta ya fara faɗawa. Kaka ta yi tunanin kai ta maƙwabta, amma tana tsoron a dawo da ita da baƙar magana. Tana cikin haka sai ga Zali ta buɗa darni ta shigo, ba sallama, ta ɗauke yarinyar daga cinyarta ta fita da ita.

Washegari Kaka ta yafa mayafi ta je wajen liman, ta tsaya a rijiya ta faɗa wa mata, ta faɗa wa mijin Zali a gaban mutane, cewa Habsu ta sha nonon Zali, daga yau ita da duk 'ya'yan Zali 'yan'uwa ne, babu aure tsakaninsu har abada. Haka ake yi, a faɗa da rana tsaka tun tsofaffi na da rai, don kada wata rana yara su girma su so juna a rasa mai tunawa. Zali ta ce, "To, mun huta da surukuta da gidan ga." Kowa ya yi dariya, har Inna. Maganar gona kuwa ba wanda ya sake tada ta, ba a yi sulhu gaban kowa ba, ba wadda ta ce ta yi kuskure. Na dai ga wata safiya Inna ta gyara jerin duwatsunta don ruwa ya daina taruwa a kusurwar nan. Da anzar Bayan Giwa ta jiƙu aka dafa, ni aka aika da akushi gidan Zali. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce in gaya wa uwata da sauran ɗaci, kamar bakin mai ita. Amma akushin a wanke ya dawo, da busasshiyar kuɓewa a ciki.

Abin da ya canza shi ne zaɓen dutse. Inna ba ta daina hawa dutsen bayan rumbu da asuba ba, kuma in ta ga ko ɗan zaren duhu a gabas ba ta ƙetare gebe. Amma in gari ya yi wasai, sai ta leƙa ta kan darni ta ce, "Zali, yau nesa za ni." Daga can a amsa, "Miƙo ta." Wata rana kuma Zali ce za ta tafi, a miƙo mana Asumana ta kan darnin yana harbe-harbe, shi ma ya zama ƙanena. Anzar Bayan Giwa ce ta riƙe gidajen nan biyu har hatsi ya nuna. Babana sai bayan girbi ya dawo, da rediyo da bargo, ya tarar 'yarsa tana da uwa biyu, in ta yi kuka ba ta zaɓen wadda za ta miƙa wa hannu.

Yau a Tawa nake zaune, ina kabu-kabu da moto, wato babur, karatuna bai wuce aji shida ba. Shaton da na yi ta zura wa ido, kullum ina wucewa ta gindinsa ban ko ɗaga kai. Kaka ta daɗe da rasuwa, Inna ma ta bi ta. Zali na nan, ta tsufa, idonta ya yi rauni, a gidan Habsu take nan cikin gari. Habsu ce ke yi mata wanka tana dama mata hura, ita kuwa tana ce mata har yanzu da faɗa take yin komai. Ni da ke yini bisa moto ina kai mutane inda suke so, sai in yi wata ban leƙa na gaishe ta ba, kullum ina cewa gobe. Wannan ba ƙuruciya ba ce, halina ne, Allah Ya yafe mini.

Yanzu akwai samari da ma'aikata da ke fita ranar Lahadi su hau duwatsun kusa da gari don motsa jiki, in hanya da lafiya, kuma wani lokaci ni ke kai su gindin dutse. Sukan tsaya su duba wayar salula, su yi gardamar wanne ya fi tsawo, wanne ya fi kyan hoto, wanne za a gama kafin rana ta yi zafi. Suna ratsa anza su wuce, da yawansu ba su san sunanta ba, kuma ina yi musu murna, Allah kada Ya sa su san ta yadda muka san ta. In sun tambaye ni wanne za su hau, bakina yakan riga ni in nuna musu mafi tsawo, don yaron nan mai buta bai je ko'ina ba. Sai sun yi nisa nake tuna ban dubi gabas ba.

Lahadin da ta wuce, da na sauke su, ban tsaya jira ba, na juya moto na nufi gidan Habsu. Zali ta ji sallamata ta ce, "Wa ke nan? Mai son ganin Tawa?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce, "To, ka gan ta?" Na ce na gani. Ta yi dariya ta matsa mini, na zauna a bakin tabarmarta har la'asar, ba inda nake sauri. Nisan dutse, ashe, daga wanda ka bari a gida ake auna shi.